Baƙin Ruwa da Jiran Zuwan Ubangiji

Hunturu ya sauko mana a ƙasar Yauri, hazo ya rufe tsallaken ruwa, har mai kwalekwale ya kan ɓace wa ido tun bai yi nisa ba. An gama yankan shinkafa, ana girbin dawa, masu albasa kuwa suna ta ban ruwa safe da yamma. Wannan shi ne lokacin da ekklesiya ta ke kira Adbent, watau Lahadi huɗu da ke gaban ranar 25 ga Disamba. Kalmar daga bakin Romawa ta fito, ma'anarta zuwa. Tun cikin ƙarni na 6 Kirista na ƙasar Faransa su kan yi azumi a waɗannan makonni, suna shirya zukatansu. Mu dai a nan, in za a faɗi gaskiya, shirinmu ya fi ƙarfi a wajen tela da kasuwar awaki. Ban ce laifi ne ba, amma akwai abin da mu ke tsallakewa.

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani saurayi ya tsare ni a ƙofar majami'a, ya ce, "Pasto, kullum kuna ce mana mu jira Ubangiji, mu dogara, mu yi tawali'u. Kakanninmu sun jira, ruwa ya ci garinsu. Iyayenmu sun jira, ga mu nan inda suka bar mu. Ina bambancin mai dogara ga Allah da rago?" Na ba shi amsa irin wadda muka koya a makarantar Littafi Mai Tsarki. Ya yi godiya ya tafi, amma na ga a fuskarsa bai ƙoshi ba, ni ma ban ƙoshi ba. Tun daga ran nan tambayarsa ta ke bina, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara da kogi, gama shi ne malamin da ke kusa da mu. Mutanen bakin Kwara sun sani ruwa sau biyu ya ke zuwa a shekara. Na fari shi ne farin ruwa, wanda ya ke zuwa da damina, ya cika wajen Satumba. Wannan namu ne, ruwan saman ƙasarmu ne da na Gulbin Sakkwato da sauran rafuka, ya kwaso laka ya yi fari kamar kunu. Ba mai mamakinsa, tun da shi ke kowa ya ga hadarin da ya kawo shi. Na biyun shi ne abin al'ajibi. Sa'ad da damina ta ɗauke sarai, ciyawa ta bushe, leɓe yana tsagewa, sai ga wani ruwa ya iso, garau, mai duhu, ya yi ta ƙaruwa tun daga wajen Disamba har Fabrairu. Na taɓa tambayar wani dattijo Basarke, maƙwabcinmu, Musulmi ne mai mutunci, na ce, "Baba, ga sama fayau, rabonmu da girgije tun Oktoba, wannan ruwa daga ina?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, baƙin ruwa ke nan. Baƙi ne a ido, baƙo ne kuma a asali. Ba a nan aka yi shi ba."

Gaskiyarsa. Ruwan nan a duwatsun ƙasar Gini ya zuba, cikin Yuli da Agusta da Satumba. Maimakon ya gangara teku da ke kusa da shi, sai ya juya mata baya ya nufi hamada. A ƙasar Mali ya kan bazu cikin wata fadama mai faɗin gaske tsakanin Mofti da Tumbutu, ya kwanta can yana tafiya kamar ba ya tafiya. Rana ta sha kashi mai yawa daga cikinsa, laka ta kwanta a ƙasa, ragowar ta fito tatacciya, ta bi ta Gawo, da Yamai, da Gaya, kāna ta iso mana bayan wata biyar ko shida. Kafin a gina madatsar Kainji, dattawa sun ce da ido a ke ganin kogi yana sake hawa gaɓa cikin rani. Yanzu tafki ne ke haɗiye shi, shi ne kuwa ke riƙe tafkin a cike har zuwa bazara, injuna suna juyawa, mutanen birane suna kunna fitila ba su san da ruwan Gini su ke gani ba.

To, masunci da ke gyaran tarunsa cikin Nuwamba domin baƙin ruwa, rago ne? Bai ga hadari ba, bai taɓa zuwa Gini ba, watakila ko sunanta bai sani ba. Amma ruwan da ya ke jira ya riga ya zuba, yana kan hanya. Nan ne bambancin bangaskiya da buri. Mai buri yana jiran abin da ransa ke so. Mai bangaskiya yana jiran abin da aka riga aka alkawarta, yana kuwa ɗinke tarunsa tun abin bai iso ba. Tsakanin annabi Malakai da Yohanna mai Baftisma wajen shekara 400 ne, ba annabi, ba sabuwar magana, rani ne tsantsa. Duk da haka Luka ya nuna mana cikin sura ta 2 wani tsoho Saminu da wata gwauruwa Hannatu, wadda a ke lissafa mata shekara 84, suna cikin haikali suna tsammani. Da aka shigo da jariri, ɗan talakawa, iyayensa riƙe da hadayar tsuntsaye biyu irin ta marasa hali, su biyun nan suka gane shi, malaman Attaura kuwa suna nan kusa ba su ɗaga kai ba.

Sai dai kada mu ja misalin nan har ya tsinke. Kogi halitta ne, ya kan kasa. Cikin Yuni na 1985, bayan farin da aka yi, Kwara ta tsaya cik a Yamai, mutane suka taka ƙasan kogi da ƙafa. Wanda ya dogara ga kogi kamar Allah ya ji kunya a shekaran nan. Mu kuwa abin da mu ke riƙe da shi ya riga ya faru sau ɗaya a Baitalami, domin wannan ne mu ke sa ido ga zuwa na biyu.

Amma saurayin nan yana da gaskiya a wani gefe, ba kuwa zan ɓoye ba. Akwai abin da mu ke kira dogara, alhali ganganci ne ya sa rigar ibada. Ran Laraba 26 ga Mayu 2021 wani jirgin ruwa ya taso daga Lokon Minna ta jihar Neja ya nufo kasuwar Wara a ƙasar Ngaski, da mutum fiye da 150 a ciki, mata da yara da 'yan kasuwa. Ya tsage a tsakiyar ruwa. Wajen mutum 20 ne suka fita da rai. Aka yi kwanaki ana tsamo gawa. Ma'aikatan hukuma suka ce jirgin tsoho ne, an kuma ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ba na ɗora wa matattu laifi, Allah ya sawwaƙe. Talaka da ke so ya ci kasuwa, hanyar mota ta yi masa nisa ko ta yi tsada, ina zaɓinsa? Amma na ji da kunnena ana cewa kwana ne ya ƙare, aka rufe maganar da haka, kamar dai Allah ne ya tsaya a bakin gaɓa yana karɓar kuɗin mutum na ɗari da hamsin.

Ni kaina na sha shiga jirgin da ruwa ya kusa kai wa leɓensa, domin kada in makara sujada a tsallake. Na ga rigar ceto a rataye, na ƙi sawa, don kada a ce Pasto ba shi da bangaskiya. Na yi addu'a da ƙarfi a cikin jirgi, mutane suka ce amin. Da na zauna na bincike zuciyata, sai na tarar tsoron bakin mutane ne ya hana ni sauka, girman kai ne kuma ya hana ni sa rigar. Ubangijinmu da kansa, sa'ad da Shaiɗan ya kai shi kan tsororuwar haikali ya ce ya diro tun da shi ke mala'iku za su tare shi, ya ƙi, ya kira wannan gwada Allah. Yusufu mijin Maryamu, da aka gargaɗe shi a mafarki, bai ce ai yaron na Allah ne, Allah zai tsare abinsa ba. Ya tashi da dare ya kwashi iyalinsa sai Masar.

Ku karanta Ayyukan Manzanni sura 27, ku mutanen ruwa, gama taku ce. Bulus ya ba da shawara kada jirgi ya tashi daga Karita domin lokacin tafiya ya wuce. Shugaban soja ya fi jin maganar mai jirgi da matuƙi, suka tashi, iska ta kama su kwana goma sha huɗu. A tsakiyar wahalan nan Allah ya yi wa Bulus alkawari ba wanda zai mutu cikin mutum 276. To, ga abin lura. Bayan alkawarin nan, da Bulus ya ga ma'aikatan jirgi suna shirin sulalewa da ƙaramin kwalekwale, bai yi shiru ba, ya gaya wa soja in waɗannan suka tafi sauran ba za su tsira ba. Ya kuma matsa wa kowa ya ci abinci domin ya sami ƙarfi. Alkawari ya cika, amma ta hannun matuƙa, da gurasa, da iyo, da katakon da marasa iyo suka rungume. Mai dogara irin ta Bulus ya kan ƙidaya mutanen da ke cikin jirgi, in sun yi yawa ya sauka, ko da za a yi masa dariya. Saukan nan kuwa tawali'u ne, gama mutum ya yarda shi nama ne da jini, ruwa yana iya cinsa.

Yanzu na zo wurin da ya fi mini wuya. Kwana 22 bayan hatsarin Wara, ran 17 ga Yuni 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar Gwamnatin Tarayya a nan Birnin Yauri da rana tsaka, suka kwashe ɗalibai masu yawa da waɗansu malamai. An sako waɗansu cikin Oktoba, waɗansu cikin Janairu 2022, aka bar 'yan mata 11 a daji. Na ƙarshensu ba su dawo ba sai cikin 2023. Iyayen nan, Musulmi da Kirista, Kirsimati biyu da salla da salla suka wuce su suna duban hanya. Ba su kuwa zauna kawai ba. Sun yi addu'a, sun kai kuka wurin masu mulki, sun yi magana da 'yan jarida, sun sayar da abin hannunsu, sun roƙi taimakon jama'a. Duk wanda ya ke so ya san ma'anar Adbent, ya tuna da su. Jira irin nasu ba hutu a cikinsa.

A cikin ekklesiyar da na ke kiwo akwai wata uwa wadda aka kama ɗanta a hanyar gona, wani abu dabam da na makaranta, ba jaridar da ta buga shi. Da damina aka ɗauke shi. Cikin Nuwamba, a taron addu'a, zuciyata ta yi zafi, na miƙe a gaban jama'a na ce kafin Kirsimati yaron nan zai shigo ta ƙofan nan. Majami'a ta ɗauki amin, matan zumunta suka yi guɗa. Na ji daɗin amin ɗin nan, ina shaida wannan a gabanku. Uwar ta tafi kasuwa ta yanko yadi, ta kai aka ɗinka masa riga da wando. Kirsimati ta zo ta wuce. Sabuwar shekara ta wuce. Na yi mako biyu ina kewaye ƙofar gidanta ta bayan gari.

Ita ce ta zo ta same ni. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Pasto, lafiya ba ka leƙo mu ba?" Na ce, "Mama, kunya ce. Na yi miki alkawari da sunan Allah, bai cika ba. Ki gafarce ni." Ta yi shiru kaɗan, kāna ta ce, "Allah bai yi mini ƙarya ba. Kai ne ka sa rana." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ƙara da cewa in zo in yi mata addu'a kamar dā, in bar kwanan wata.

Shekara huɗu na yi a makarantar Littafi Mai Tsarki, amma ran nan na fahimci sura ta fari ta Luka. Mutum biyu mala'ika Jibra'ilu ya je wa da albishir, dukansu kuwa sun yi tambaya. Zakariya firist ne, tsoho, masanin Littattafai, yana tsaye a wuri mai tsarki, ya nemi abin da zai tabbatar masa. Maryamu yarinya ce 'yar ƙauyen Nazarat, ta tambayi yadda abin zai kasance, da aka amsa mata kuwa ta miƙa kanta kamar baiwa, ba ta san abin da Yusufu zai ce ba, ba ta san abin da gari zai ce ba. Wanda aka rufe wa baki wata tara shi ne malamin. Na kan yi tunani, da ma kowane mai wa'azi a cikinmu a ba shi rabo kaɗan daga bebancin Zakariya, domin mu koyi bambanta abin da Allah ya faɗa da abin da mu ke so ya faɗa. Allah ya yi alkawari yana tare da mu, ya yi alkawari zai komo ya share hawaye ya yi shari'ar gaskiya. Ranar kuwa, Yesu ya ce ko mala'iku ba a gaya musu ba. Ni wane ne da zan rubuta masa ita a kalanda?

Watakila wani zai ce, to, ashe tawali'u shi ne a rufe baki a haɗiye kome. Wannan ita ce ƙayar da ke cikin tambayar saurayin nan, gama shi jikan Gungawa ne. An fara ginin madatsar Kainji cikin 1964, aka tare ruwa cikin 1968, tafki ya miƙe fiye da kilomita 130 har ya taɓo Yelwa. Wajen mutum 44,000 aka tasa. Tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya hallaka cikin 1806, ta nutse. Gungaye da gonakin albasa da kaburburan kakanni suka tafi ƙarƙashin ruwa, aka ba mutane gidajen siminti a kan tudu. Aka ce musu su yi haƙuri, domin ci gaban ƙasa ne. Suka yi haƙuri. Wuta ta bi waya ta wuce bisa kawunansu zuwa manyan birane, ƙauyuka da dama na bakin tafki kuwa suka daɗe suna kwana da aci-bal-bal. In manya ne kullum ke koya wa ƙanana tawali'u, dole yaro mai hankali ya yi zargi.

Amsata gare shi ita ce, tawali'un da Littafi ke koyarwa a gaban Allah a ke yinsa, yana kuwa kan kowa, babba da ƙarami, ya ma fi nauyi a kan babba. Yarinyar nan da ta kira kanta baiwa, ita ce ta yi waƙa a gidan Alisabatu a kan Allah mai saukar da masu iko daga gadajensu, mai ƙosar da mayunwata. Yohanna da ya ce bai isa ya kwance igiyar takalmin Almasihu ba, shi ne ya dubi masu karɓar haraji ya hana su ƙari, ya dubi soja ya hana su ƙwace, ya dubi sarki Hirudus ya gaya masa laifinsa har ya rasa kansa. Wanda ya durƙusa wa Allah da gaske, gwiwarsa ba ta saurin lanƙwasa wa mutum. Ga ganuwar birninmu shaida. Cikin 1830 Turawa biyu 'yan'uwa, Richard da John Lander, suka zo nan neman takardun Mungo Park, suka tarar da babban birni mai ganuwa, da sarki wanda ya tsare su makonni sai da ya ga dama ya sallame su. Yau dawa a ke shukawa a inda gidaje su ke, awaki suna hawa abin da ya ragu na ganuwa. Mai mulki da ya bi ta wurin nan ya kamata ya rage tafiya ya duba. Saboda haka in dattawan ekklesiya sun tafi wurin hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma a kan jiragen da a ke cikawa fiye da kima, ko a kan hanyar gona da ta gagari bi, ba su fita daga tawali'u ba, muddin sun tafi da ladabi da gaskiya, ba domin a san da su ba.

Akwai sauran abu guda wanda ba ni da ikon sassauta shi. Ba kowane mai jira ne ke ganin abin da ya jira a wannan duniya ba. Saminu ya rungumi jaririn, amma a wannan Baitalami ɗin akwai uwaye da sojan Hirudus suka kashe wa 'ya'ya, Matta kuwa bai ɓoye kukansu ba, ya sa shi a tsakiyar labarin Kirsimati. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 11 ta jera mutanen bangaskiya, ta ce sun mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, daga nesa suka hango shi. Akwai gidaje a Wara da kewaye da ba su sami ko gawar da za su binne ba. In na ce musu dogara tana sa kome ya zo daidai kafin ƙarshen shekara, na sake yin zunubin da na yi wa uwar nan. Abin da na ke da shi in ba su shi ne, Allah da mu ke jira ya riga ya shigo cikin irin wannan duniya, aka haife shi a masaukin dabbobi, aka gudu da shi da dare, aka kashe shi bisa zalunci, ya tashi. Ruwan ya riga ya zuba. Waɗansunmu za su gan shi a wannan gaɓa, waɗansu sai a tsallake.

Na sake neman saurayin nan na gaya masa waɗannan abubuwa. Ya saurara, ya ce zai yi tunani. Bai ce ya yarda ba, ni ma ban matsa masa ba.

Uwar nan kuwa, yau Kirsimati ta uku ke tafe. Ta sayar da awakinta biyu tana aika saƙo ta bakin masu zuwa kasuwannin nesa, ko wani ya ji labari. Ita ce ke share majami'a kowace Asabar. Makon jiya na gamu da ita a hanya da ƙunshi a hannu, na ce, "Mama, ina zuwa da hantsi haka?" Ta ce wurin tela za ta, ya ƙara wa wandon tsawo, gama yaro yana girma. Na raka ta har ƙofar shagon. Da na juyo na bi ta bakin ruwa, na tarar da dattijon nan Basarke zaune yana ɗinkin taru. Ya nuna mini kogi da haɓa, ya ce launi ya fara juyawa tun shekaranjiya.